Yadda ake karɓar kamashon afiliyet daga waje, ta USDT ko ta banki

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun bayan ƙaramar sallah ake tsare ni da tambaya guda, wasu ta WhatsApp wasu a majalisarmu ta Mabera bayan isha'i, wai in kamfanin waje zai biya mutum kamashon afiliyet wanne ya fi, ya ce a turo mishi ta kirifto, wato kuɗɗin intanet irin su USDT, ko ta banki. To yau na zauna in rubuta shi gaba ɗaya yadda nake yi da hannuna, don wallahi abin yana ci mini rai in ga yaro ya kwashe wata uku yana tallar kayan mutane, ya ƙone data, ya hana idonshi barci cikin wanga zafi namu na Sakkwato, sannan ranar biya kashi ɗaya cikin huɗu ya narke a hanya, ko ma kuɗɗin su ɓace ɗungurungum saboda kuskuren harafi guda.

Ga wanda bai sani ba, afiliyet dillanci ne ba wani abu ba. Kamfani ya ba ka linki naka na kanka, ka yaɗa, duk wanda ya bi ta nan ya sayi kaya a rubuta maka la'ada. Bambancinka da dillalin Kara shi ne, shi ana sallama ciniki ake damƙa mishi la'adarshi a hannu, kai kuwa taka tana Amurka ko Turai cikin dala, sai ta ƙetaro kafin ta zama nairar da za ka sayi gero da ita. To wagga ƙetarowa ita ce maganarmu, kuma abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne kar ka auna hanya da abin da kamfani ya ce ya turo, ka auna ta da nairar da ta shigo hannunka da kuma shaidar da ta rage gare ka in rigima ta taso.

Mataki na farko, kuma nan ne mafi yawanmu ke yin sakaci: kafin ka ɗora linki ko guda a status, shiga dashbod ɗin kamfanin, wato shafin asusunka a wurinsu, ka nemo shafin biyan kuɗɗi ka karanta shi tsaf. Ka duba ta waɗanne hanyoyi suke biyan ɗan Najeriya, ba wai hanyoyin da sunka jera ma kowa ba, don wani lokaci za ka ga hanya biyar amma kana zaɓen ƙasarka sai su koma biyu. Ka duba mafi ƙarancin abin da za ka tara kafin su saki, da yawa dala 50 ko 100 ne, kuma sau da yawa na turawa ta banki ya fi na sauran hanyoyi yawa. Ka duba kwana nawa suke riƙewa, wasu 30 wasu 60, Amazon dai kusan kwana 60 take yi bayan ƙarshen watan da ka yi cinikin, saboda masu mayar da kaya, kuma ita ba ta biya da kirifto sam. Sannan ka duba wa ke ɗaukar cajin turawa, kai ko su. In kamfanin gida ne irin su Selar da ke biya da naira kai tsaye cikin akawun ɗinka, to duk wagga magana ba ta shafe ka ba, sa lambar akawun kawai ka huta.

Bari in tsaya in faɗi wani abu da ban iya haɗiye shi. Kamfanonin da sunka fi saurin cewa za su biya da kirifto, da yawansu na caca ne da betin, sai kuma masu cewa zuba kaza ka kwashi ninki. Akwai na ƙwarai cikinsu, irin kasuwannin musayar kirifto da wasu masu sayar da hostin da VPN, amma kar daɗin hanyar biya ya ja ka ka yi ma caca dillanci ka jefa ƙannenka ciki. Mun ga yadda CBEX, wata manhajar zuba kaza ka kwashi ninki, ta rushe da kuɗɗin mutane a watan Afrilun 2025, kuma da linkin gayyata anka jawo da yawa daga cikinsu. Shi kanshi kirifto malamai sun yi saɓani a kanshi, ka sami malamin da ka aminta da shi ka bayyana mishi cewa kai ba saye kake don jiran ya tashi ba, ladan aikinka ne za a turo ta nan ka canza, ka ji abin da zai ce maka.

Mataki na biyu shi ne suna. Ka ɗauko NIN da BVN da katin da za ka ɗora, ka tabbata yadda anka rubuta sunanka iri ɗaya ne harafi da harafi, kuma da shi za ka yi rajista a kamfanin. Mu nan muna da wagga matsala sosai, a takardar makaranta Muhammadu, a banki Mohammed, a NIN Muhammad, wani kuma ya ƙara sunan garinsu a ƙarshe wani wuri ya cire. Mu mun san mutum guda ne amma kwamfutar bature ba ta sani ba, kuma ranar da kuɗɗi sunka yi kauri ranar ake tuna a bincika. Ka je ka gyara tun babu ko sisi a ciki. Kar kuma ka sa akawun ɗin yayanka ko na matarka wai don naka bai shirya ba. In kamfanin na Amurka ne za su ba ka fom ɗin W-8BEN ka cika, ba abin tsoro ba ne, shaida ce kawai cewa kai ba ɗan Amurka ba ne, ka sa sunanka da adireshinka na gaskiya da Najeriya, kuma yana aiki kusan shekara uku kafin su ce ka sabunta.

To mu zo ga banki. In turawa ce kai tsaye daga waje, wadda ake kira waya ko SWIFT, asusun dala kake buƙata, wanda ake ce ma dom. Ka je reshen bankinka da katin shaida da BVN da NIN da hoto da takardar shaidar inda kake zaune, galibi bil ɗin wuta, kuma bankuna da yawa suna neman mutum biyu masu karent akawun su tsaya maka, ko da yake yanzu wasu sun sauƙaƙa har ta manhaja ana buɗewa. In an buɗe, kar ka fita sai ka karɓi takardar bayanin karɓar kuɗɗi daga waje a rubuce. A ciki akwai lambar SWIFT ta bankin mai harafi 8 ko 11, da lambar asusunka mai lamba 10, da sunan bankin tsakiya wanda dala ke bi ta hannunshi, galibi a New York yake, da lambarshi shi ma. Waɗanga za ka kwafe cikin dashbod daidai yadda suke. Kar ka sa lambar asusun naira a wurin, don ko dai su mayar da kuɗɗin inda sunka fito an yanke caji, ko su canza maka a farashin da ba kai ka zaɓa ba.

Karona na farko ba na mantawa da shi. Dala 120 kamfani ya ce ya turo ranar Litinin, na jira har Juma'a shiru, Litinin ta zagayo na hau kabu-kabu da hantsi na tafi wani reshe a titin Kano, na ɗauki lamba na zauna ƙarƙashin rumfa kusan awa biyu kafin a kira ni. Matar da ke teburin ta duba kwamfuta ta ce, "Malam, ba mu ga komi ba, kana da MT103?" Na ce, "Hajiya, mi ke nan kuma?" Ta yi mini bayani a natse cewa ita ce takardar shaidar da bankin mai turawa ke fitarwa, da ita ake bin sawun kuɗɗi. Na dawo gida na rubuta ma kamfanin imel, sunka turo bayan kwana biyu, na koma. Da kuɗɗin sunka sauka dala 92 na gani. Dala 28 sun tafi tsakanin bankin tsakiya da caji, ban ma iya tantance wa ya ɗauki nawa ba sai da ta nuna mini wani wuri a takardar an rubuta SHA, wato an raba caji tsakanina da mai turawa. In an rubuta OUR mai turawa ya ɗauki duka, in BEN ne kai ka ɗauki duka. Daga ranar nan nake tambayar kowane kamfani wagga kalma tun kafin su tura, kuma nake neman MT103 ranar da sunka ce sun biya, ba sai an yi sati ba.

Amma fa kar wanga labari ya sa ka raina banki. Cajin SWIFT kusan tsayayye ne, bai damu da yawan kuɗɗi ba. Dala 25 a kan 100 kwata guda ke nan, amma dala 25 a kan 2,000 ko kashi 2 cikin 100 bai kai ba. Kuma banki yana ba ka abin da kirifto bai bayarwa cikin sauƙi, wato sitetimen mai hatimi ɗauke da sunan kamfanin da ya biya ka, wanda za ka iya nuna ma ofishin biza ko mai ba da bashi ko duk wani jami'i da ya tambaye ka ina ka samu. In an yi kuskuren lamba akwai ofishin da za ka je ka zauna gaban mutum, akwai fatan a dawo da su. Ga kuma NDIC da ke tsaya ma ajiyar bankunan kasuwanci har naira miliyan 5 tun 2024. In dala ta shigo kana iya canzawa ta manhajar bankin, ko ka cire tsaba ka kai ma 'yan canji, sai dai ka kira reshen tukuna ka ji ko suna da tsabar dala ranar, kar ka yi zuwan banza cikin rana.

Akwai kuma hanyar tsakiya da mutanenmu da yawa ke bi, ita ce Payoneer da manhajoji irin su Grey da Cleva, su ba ka lambar asusun dala kamar kana zaune Amurka, kamfani ya tura ciki kamar turawar cikin gida ba tare da bankin tsakiya ba, kai kuma ka janyo zuwa naira. Nan yankan ba a caji yake fitowa fili ba, cikin farashin canji yake ɓuya, don haka kafin ka danna ka kwatanta farashin da sunka nuna maka da na kasuwa a wannan ranar. Payoneer kuma tana da kuɗɗin shekara da take cirewa in asusu bai motsi sosai, ka karanta shafin cajinsu. Western Union da ire-irenta kuwa tun Janairun 2024 babban banki ya ce da naira za su riƙa biyan mai karɓa, to kar ka sa ran riƙe dala ta nan.

Yanzu kirifto, kuma nan zan daɗe don nan ne ba a gyara kuskure. Da farko maganar doka, tunda har yau wasu na cewa ai gwamnati ta hana. A Fabrairun 2021 CBN ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto, a Disambar 2023 ya janye ya fitar da ƙa'idoji, a Agustan 2024 hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta ba kasuwannin musayar kirifto biyu, Busha da Quidax, amincewar farko, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin dijital ƙarƙashin kulawar SEC. Kasuwar musaya ta Binance kuwa ta daina hulɗa da naira tun Maris 2024, don haka duk bidiyon da ka gani ana koyar da cire naira ta Binance ka san tsoho ne.

Ka zaɓi USDT ko USDC, kar ka zaɓi Bitcoin don karɓar ladan aiki. Su biyun an ɗaure su da dala, guda kusan dala guda, shi kuwa Bitcoin kana iya kwana da dala 100 ka tashi da 93 ba ka yi laifin komi ba. Na ce kusan, don USDC ta taɓa zamewa ƙasa da santi 90 a Maris 2023 kafin ta dawo cikin 'yan kwanaki, wata kuma mai suna TerraUSD ta rushe gaba ɗaya a Mayun 2022, saboda haka ba duk abin da anka liƙa ma USD ne abin yarda ba. USDT ta fi samun masu saye a nan, ita nake karɓa.

Sai wurin da za a turo. Ko dai walat taka ta kanka, wato manhajar ajiyar kirifto irin Trust Wallet, ko asusunka a kasuwar musaya. In walat ce, ranar buɗewa za ta nuna maka kalmomi 12, wasu 24, su ne makullin dukiyar baki ɗaya. Ka rubuta su da biro a takarda bisa jerinsu, ka ajiye inda kake ajiye takardar fili, kar ka ɗauki sikirinshot, kar ka tura ma kanka a WhatsApp, kar ka bari mai shagon gyaran waya ya buɗe maka. Babu ma'aikacin kamfanin da zai tambaye ka su, duk wanda ya tambaya ɓarawo ne ko da ya sa hoton kamfani a furofayil. In kasuwar musaya ce za ka yi rajista da NIN ko BVN da hoton fuska, kuma ka kunna tsaron mataki biyu da Google Authenticator maimakon saƙon tes. Dalilina na gida ne: a Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda tsaro, wanda duk lambar shigarshi ke zuwa ta tes ya makale ko da ya sami intanet ta wata hanya, ita kuwa manhajar ko babu sabis tana fitar da lamba. Kuma in an sace layinka ba a sace ta ba. Ni don mai farawa na fi son a turo kai tsaye cikin kasuwar musaya mai rajista in kamfanin ya yarda, a canza a fita, don kasuwa ba wurin ajiya ba ce, FTX ma da girmanta ta faɗi a Nuwamban 2022 da kuɗɗin jama'a ciki.

To ga wurin da ake kuka, netwok. USDT ɗaya ce amma hanyoyin da take bi daban-daban ne, kamar ka ce Illela za ka amma ka shiga motar Tambuwal. Akwai TRC20 ta Tron, adireshinta da harafin T yake farawa. Akwai ERC20 ta Ethereum da BEP20 ta BNB, su kuma duka biyun da 0x suke farawa, kuma nan haɗarin yake don a ido iri ɗaya ne. Abin da za ka yi shi ne, buɗe manhajar da za ka karɓa, danna karɓa ko difozit, zaɓi USDT, zaɓi netwok, sannan ka kwafi adireshin da ta ba ka. Ka koma dashbod ɗin kamfani ka zaɓi wannan netwok ɗin dai, ba wani ba, ka liƙa. Kar ka taɓa rubuta adireshi da hannu. Bayan ka liƙa ka gwada haruffa shida na farko da shida na ƙarshe da na manhajarka, har da wasu na tsakiya, don akwai ƙwayar cutar waya da ke musanya abin da ka kwafa da adireshin ɓarawo, akwai kuma masu turo maka ɗan ƙaramin abu daga adireshi mai kama da naka don wata rana ka kwafo nasu daga tarihin shige da fice. Kullum daga shafin karɓa za ka kwafo. In manhaja ta nuna maka memo ko tag, wata ƙarin lamba da ke tafiya tare da adireshi, shi ma dole ka sa shi.

Wani ƙanena da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya kira ni wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare muryarshi na rawa, ya ce, "Yaya, sun ce sun biya, ga rasit, amma ban ga komi ba." Na ce ya turo mini lambar cinikin, wadda ake kira TXID. Ba wuta, na fita tsakar gida da fitilar waya na sa lambar a BscScan, shafin bin sawun cinikin BEP20, sai ga ta, dala 64 sun tafi lafiya lau, amma shi adireshin da ya kwafo na ERC20 ne a kasuwar da yake amfani da ita, a dashbod kuma ya zaɓi BEP20 don ya ji an ce ta fi arha. Da walat tashi ta kanshi ce da abin da sauƙi, makulli guda ne, zai canza netwok kawai ya gan su. Da yake kasuwa ce sai da ya yi ta rubuta ƙorafi kusan sati uku, sunka cire kuɗɗin aiki sannan sunka maido mishi saura, kuma ya yi sa'a don wasu ba su maidowa. Kuɗɗin rajistar zangon karatu yake tarawa da su. Shi ya sa nake cewa biyan farko ka nemi mafi ƙarancin da kamfani ke yarda ya tura, ka ga saukarshi da idonka, sannan ka bar manya su biyo. Kuma ka saba da duba TXID da kanka, Tronscan don TRC20, Etherscan don ERC20, BscScan don BEP20, kyauta ne.

Wani abu da ba a gaya ma sababbi: in USDT tana cikin walat taka ta kanka, ba ta motsi sai ka biya kuɗɗin hanya da kuɗɗin wannan netwok ɗin, TRX a Tron, BNB a BEP20, ETH a Ethereum. Sai ka ga mutum da dala 50 a walat ya kasa fitar da ita don ba shi da TRX na 'yan daloli. Ka tanadi kaɗan tun kafin biya ya zo. Ethereum ita ce cajinta ya fi hawa da sauka, BEP20 galibi ta fi sauƙi, TRC20 kuma ta fi karɓuwa wurin 'yan kasuwarmu.

Saura mayar da ita naira. Hanya mafi kwanciyar rai ita ce ka sayar ma kasuwa mai rajista ta turo naira cikin asusun banki mai sunanka, ko da farashinta ya gaza na P2P da 'yan nairori. In P2P za ka yi, wato ka sayar ma mutum manhaja tana riƙe da amanar USDT ɗin a tsakani, to ka bi a hankali. Zaɓi mai saye da ya yi ciniki da yawa kuma kusan duka ya kammala, kar ka bi wanda farashinshi ya fi na kowa nesa ba kusa ba. In ya ce ya biya, kar ka yarda da alat na tes ko hoton rasit, buɗe manhajar bankinka ka ga balas ya ƙaru da daidai adadin. Sannan ka duba sunan wanda ya turo, dole ya zama shi ne sunan da ke kan manhajar. In wani suna ne daban kar ka saki, ka danna ƙorafi. Dalili kuwa, akwai damfara mai ƙafa uku: ɓarawo ya yaudari wata baiwar Allah a Facebook wai zai sayar mata da waya, ya ba ta lambar akawun ɗinka, ta tura maka, kai ka sakar mishi USDT ya ɓace, ita kuma ta kai ƙara banki, sunanka ne a rasit, sai a rufe maka akawun kana zaune. Duk wanda ya ce ku koma WhatsApp ku ƙarasa ciniki, ko yake ta kira yana "oga yi sauri", ka bar shi cikin manhaja, duk magana a rubuce a can. Ka ware asusu guda don wagga harka kaɗai, kar ka haɗa da wanda albashi ko kuɗɗin cefanen gida ke ciki, don a Afrilun 2024 kotu ta ba EFCC izinin daskarar da asusu sama da 1,000 a binciken harkar canji, kuma in an rufe asusu ba a tambayar wane kuɗɗi ne na abinci.

To wanne za ka zaɓa? Ɗauki biro. Mu ɗauka dala tana 1,500 don lissafi kawai, kuma kamashonka dala 100 ne. Ta SWIFT in an yanke 25 saura 75, naira 112,500 ke nan bayan kwana uku zuwa biyar na aiki. Ta USDT in hanya ta ci dala 2 saura 98, naira 147,000, kuma galibi cikin mintoci bayan kamfani ya tura. A nan babu gardama. Amma a dala 2,000 bambancin nairori dubu talatin da 'yan kai ne cikin kusan miliyan uku, kuma ni a nan na gwammace in bar su in sami sitetimen da hankali kwance, da in tura miliyoyi ta hannun baƙon da ban sani ba. Kafin Yunin 2023, lokacin da farashin gwamnati ke wajen 460 kasuwa kuma ta haura 700, duk wanda banki ya canza ma dala ya yi babbar asara, shi ya sa mutanenmu sunka rungumi USDT, amma tun da anka haɗe farashin tazarar ta ragu ƙwarai, kar ka yi hukuncin yau da labarin wancan lokaci. Ni yadda nake yi, abin da bai kai dala 300 ba USDT, in canza a ranar ko washegari, abin da ya haura kuma in bar shi ya taru a dashbod ya zo ta banki sau ɗaya, matuƙar kamfanin ya daɗe yana biyana ban ga wasa ba. Sabon kamfani kuwa ba na barin kuɗɗi su taru gare shi, da sun kai mizani nake janyewa.

Ko ta ina kuɗɗin sunka zo ka buɗe littafi, ko ɗan littafin makaranta mai shafi 40 ya isa. Kwanan wata, sunan kamfani, dala nawa sunka turo, nawa ta iso, farashin da ka canza, naira nawa ta shigo, da TXID ko lambar MT103, sannan ka sauke rasit ɗin dashbod ka ajiye a imel. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe naira 800,000 na farko a kuɗɗin shigar shekara, abin da ya haura akwai haraji a kai ko da ta kirifto ya shigo, kuma hukumar tara kuɗɗin shiga ta jiha ke karɓar na ɗaiɗaikun mutane. Da wanga littafi za ka amsa tambayar banki in sunka ce ina tushen kuɗɗi, da shi kuma za ka lissafa zakka in shekara ta zagayo.

In za ka canza hanyar biya daga banki zuwa USDT ko akasin haka, ka yi shi washegarin ranar da anka biya ka, ba ana jibi biya ba, don kamfanoni da yawa suna dakatar da biya na 'yan kwanaki duk lokacin da anka taɓa bayanan karɓa, wasu ma sai sun sake neman katin shaida. Bayan ka canza ka fita daga dashbod ka sake shiga, ka buɗe shafin ka karanta adireshin da lambar asusun da ke ciki da idonka, sannan ka duba imel ko sun turo saƙon tabbatarwa da ke jiran ka danna.